Shekara bakwai ɗin nan, wa ya saukar da ita?

Ina da shekara bakwai da ƴan watanni ƙanen babana ya zo Tasawa ya ɗauke ni. Inna ta aike ni sayen kalwa, dawowata na iske shi zaune a zaure shi da kawuna, an riga an gama magana. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya zagi wani. Abin da kunnena ya kama kawai shi ne: "Yaro ya kai bakwai, ai sai gidan ubanshi." Inna ta ɗaure mini riguna biyu cikin tsohon zane, ta cusa mini ƙuli-ƙuli a aljihu, ta shige ɗaki. Ba ta raka ni tasha ba. Na daɗe ina riƙe da ita a zuci kan rashin rakiyar nan, sai da na girma na gane ƙafarta ce ta kasa ɗaukarta.

Ban sake sa ta a ido ba sai bayan shekara huɗu. Tsakanin Maraɗi da Tasawa fa, ba Makka ba. Da za ku tambayi mahaifina, Allah ya jiƙanshi, zai ce muku bai taɓa hana ni zuwa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Bai hana ba. Ba wanda dai ya ɗauka aikinshi ne ya kai ni. Ita kuma, matar da aka saka, da wane ido za ta yi sallama a ƙofar gidan da kishiyarta ke ciki?

Abin da ya fama mini wannan tsohon miki shi ne ƙanwata, ɗiyar Inna ta auren baya. Aurenta ya mutu shekara uku da suka wuce, ta fito da ɗiya mace tana shekara huɗu. Ita ta ciyar, ita ta tufatar, da kuɗin ɗinki da ɗan abin da muke taimaka mata. Uban yakan aiko jika biyar in ya tuna. Da ƙaramar Sallar da ta wuce ya ce a kawo mishi yarinya ta yi yawon Sallah cikin danginta. Aka yi mata lalle da kitso, aka kai ta. Har yau ba ta dawo ba. Da ƙanwata ta kira shi, amsar da ya ba ta ita ce wadda na ji a zauren Tasawa ina yaro: ta kai bakwai.

To ni yau tambayar da na kawo muku ke nan, ƴan uwana, musamman ku maza da muke zama fada ɗaya muna shan shayi ɗaya. Bakwai ɗin nan wa ya saukar da ita?

Na san amsar da ke bakinku: addini. Mu je ga addinin. Mu nan Malikiyya muke bi, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya san Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani. Abin da Risala ta tsara a kan raino ba ɓoyayye ba ne. In aure ya mutu, rainon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta auri wani, rainon ya koma hannun kaka ta wajen uwa, bayanta ƴar uwar uwa. Haka Muhtasar na Halil ya tafi. Akwai sharuɗɗa, ban ɓoye ba: mai raino ta kasance mai hankali, mai amana, mai wurin da yaro zai zauna lafiya, kuma akwai magana in uba zai yi ƙaura mai nisa ya tare can. Amma cikar shekara bakwai ba ta cikin abubuwan da ke ƙwace ma uwa ɗanta a mazhabarmu.

Kuma akwai labarin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, wanda ban san dalilin da ya sa ba a cika jin shi a wa'azi ba. Sayyidina Umar ya rabu da wata matarshi Ba'ansariya, suna da ɗa mai suna Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya ga yaron yana wasa a harabar masallaci, ya ɗauke shi ya aza bisa dabbarshi. Kakar yaron ta wajen uwa ta tarar da shi, suka yi jayayya, aka je gaban Sayyidina Abubakar, shi ne halifa lokacin. Abubakar ya ce a bar mata yaron. Umar bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Umar fa. Kai wane ne da za ka ce mutuncinka ya zube don ɗanka yana kwana gidan kakarshi?

E, bakwai tana nan a wasu mazhabobi. Hanafiyya na mayar da ɗa namiji ga uba wajen wannan shekarar. Shafi'iyya kuwa cewa suka yi in yaro ya yi wayo, wajen shekara bakwai, a tambaye shi ya zaɓa tsakanin uwa da uba. Kun ga abin da muka yi? Mun ɗauko lissafin, mun jefar da tambayar. Mutumin da zai yi musu da kai har asuba kan sadalu da ƙabalu, yana buga ƙirji shi Bamalike ne, da an zo maganar riƙon ɗa sai ya tsallake Malik ya kama al'ada, ya naɗa mata rawani ya ce shari'a ce.

"Ɗa na uba ne." Ban musa ba. Sunan uba yake ɗauka, shi zai gada, shi ne waliyyin ɗiyarshi ranar aure, yana da bakin magana kan karatun yaro da tarbiyyarshi. Kuma a kanshi ci da sha da sutura da magani suke, ko yaron na hannun uwa. Wannan na ƙarshen ne ake mantawa. Sau nawa kuka ga uban da bai taɓa sayen ko sabulu ba tun ranar saki, amma ranar da aka aiko mishi sammaci kan kuɗin ciyarwa sai ƙaunar ɗanshi ta taso mishi, ya ce a ba shi abinshi? Wannan ba ɗa yake so ba. Jika goma ɗin wata yake gudu.

Kuma in ya karɓa, shi ke raino? Mu faɗa ma juna gaskiya. Da yawa cikinmu asuba ke fitar da mu, dare ke maido mu. Wani ma wata biyu da karɓar yaro ya kama hanyar Agadas, ya wuce Libiya ko Aljeriya bida. Yaron da aka ƙwato da sunan gidan uba sai ya ƙare hannun kishiyar uwa mai nata ɗiyan, ko hannun tsohuwar da ita kanta riƙo take bukata. Ban ce duk kishiyar uwa muguwa ce ba. Wadda ta riƙe ni ba ta taɓa bar ni da yunwa ba, Allah ya saka mata. Amma ba ita ta ce a kawo ni ba, aza mata ni aka yi kamar kaya, kuma na san bambancin yadda take taɓa goshin ɗanta in zazzaɓi ya kama shi da yadda take ce mini in je in kwanta. Wasu yaran ba su samu ko wannan ba. Yarinya a ɗora mata tiren talla, yaro a tura shi gabas da allo, kuma duk an yi ne wai don kada su tashi gidan wani ƙato.

Yanzu mu zo jistis, inda na raka ƙanwata har sau biyar.

Kafin mu kai can mun bi duk matakan da ake bi. Mun je wurin dattawan dangi, suka ce a yi haƙuri. Mun je wurin mai unguwa, wanda doka ta ba shi ikon sulhu amma ba ta ba shi ikon yanke hukunci ba, ya kira uban ya ƙi zuwa. Mun je wurin malami, ya faɗi daidai abin da Risala ta faɗa, uban ya ce shi ma yana da nashi malamin. Wata biyu suka tafi a nan.

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, Nijar ba ta da kundin dokar iyali nata. Tun dokar tsarin shari'a ta 1962, wadda aka sabunta a 2004 sannan a 2018, ƙa'idar ita ce a maganar aure da saki da ɗiya da gado, juji yana aiki da al'adar masu shari'ar. Shi ya sa za ka ga dattawa biyu zaune gefenshi, su ne ke faɗa mishi abin da al'ada ta ce. Sai dai dokar ta gindaya sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi ne makaminmu: al'adar kada ta saɓa ma yarjejeniyoyin duniya da ƙasa ta sa ma hannu. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990. Sashe na 3 ya sa maslahar yaro gaba a duk hukuncin da ya shafe shi. Sashe na 9 ya ba yaron da iyayenshi suka rabu haƙƙin ci gaba da ganin kowannensu a kai a kai. Sashe na 12 ya ce a saurari yaro gwargwadon wayonshi. Wato ko a takarda, juji ba bawan "ta kai bakwai" ba ne. Kuma akwai jujai da ke aiki da hakan, suna barin yaro wurin uwa ko ya wuce bakwai in sun ga nan ya fi mishi. A yaba musu.

Amma ga abin da na gani da idona. Zama na fari uban bai zo ba, aka ɗage. Na biyu ya zo, ɗaya daga cikin dattawan bai zo ba, aka ɗage. Na uku aka ce ya zo da yarinyar, ya ce ba ta da lafiya. Kowane ɗagi kuɗin adaidaita ne, da yinin da ƙanwata ba ta taka keke ba, da zama kan benci tun safe har azahar. Cikin wannan jan ƙafa aka buɗe makarantu, uban ya yi wuf ya sa yarinyar lakwal a unguwarsu. Ranar hukunci, hujjar da ta fi nauyi ita ce yarinya ta riga ta saba, ta fara karatu, kada a dagula mata.

Ku tsaya ku duba wannan da kyau. Mutum ya riƙe yarinya ba da yardar uwarta ba, ya ja shari'a wata da watanni, sannan watannin nan da ya ja suka zama shaidarshi. Darasin da duk namijin da ke zaune a zauren nan ya koya shi ne: fara ƙwacewa, sannan a yi magana. Yarinyar kuwa ba wanda ya tambaye ta ko da kalma ɗaya. Shekara bakwai gare ta, ta san sunan kowa a gidajen biyu, ta san inda take barci da daɗi da inda take kuka cikin bargo. An yi shari'ar rayuwarta kamar ana shari'ar iyakar gona.

Sai takarda. An rubuta da Faransanci cewa uwa tana da haƙƙin ziyara. Tafinta ya juya mata: "Kina iya ganin ɗiyarki duk lokacin da kika so." Ƙanwata har ta yi murmushi, don ta ɗauka ta samu wani abu.

Duk lokacin da kika so. Wace rana? Ƙarfe nawa? A ina, a ƙofar gida a tsaye ko za ta tafi da ita ta kwana? Wa zai kai, wa zai maido, wa zai biya mota? Hutun makaranta fa? Sallah ƙarama wurin wa, babba wurin wa? In yarinya ta kwanta asibiti wa zai gaya ma uwarta? Ba ko ɗaya a takardar. Zuwa na fari aka ce mata an aike ta. Na biyu aka ce tana islamiyya. Na uku amaryar gidan ta leƙo ta ce maigida ya ce kada a bari kowa ya shiga in ba ya nan. Ba wanda ya hana ta, kun gane? Irin rashin hanin da aka yi ma Inna ne, sai dai wannan da hatimi.

Dokar laifuffuka ta ƙasarmu tana hukunta wanda ya ƙi miƙa yaro ga mai haƙƙi bayan hukuncin kotu, tana kuma hukunta wanda ya yi watsi da ciyar da iyalinshi. To amma ƙaƙa za ka kama mutum da saɓa ma ranar da ba a rubuta ba? Takardar da ba ta da rana ba ta da haƙori. Kuma macen da ke ɗinkin jika ɗaya da rabi, ina ta ga kuɗin ɗaukar lauya da na ma'aikacin da ke zartar da hukunci? Akwai hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar 2011 don taimaka ma marasa ƙarfi a gaban shari'a, akwai ƙungiyar mata masana shari'a ta AFJN. Cikin matan da muka zauna benci ɗaya da su, waɗanda na yi hira da su ba su taɓa jin sunayen nan ba. Ku da ke da waya a hannu, wannan kam aikinku ne, ku gaya ma yayyenku da ƙannenku.

Na san wasu tun ɗazu suna jiran in gama su rubuto cewa na zama lauyan mata. To ku saurara. Na san wani abokina, mai kabu-kabu ne, duk wata sai ya kai kuɗin ciyarwa da hannunshi, a ƙofa ake karɓa a rufe. Ɗanshi ya girma ana gaya mishi ubanka ya yar da kai. Akwai matan da ke mayar da yaro bulalar dukan tsohon miji, akwai masu canza lamba su bar gari ba sallama, akwai kakannin da ke zuba ma jika dafi a kunne safe da yamma. Wannan zalunci ne, kuma girmanshi ɗaya da wancan. Abin lura shi ne, maganin abokina da maganin ƙanwata guda ne: hukuncin da ya faɗi rana da sa'a, da hukumar da za ta tsaya a cika shi. Duk namijin da ke ƙin a rubuta ranakun ziyara saboda yau yaro na hannunshi, ya tuna gobe yana iya zama shi ne a bakin ƙofa.

Za a ce mini wannan tsarin Turawa ne. Maroko fa? Ƙasar Musulmi ce, Malikiyya take bi kamar mu. Dokar iyalinsu ta 2004, Mudawwana, ta ba uwa riƙo a farko, sannan uba, sannan kaka ta wajen uwa. Yaro in ya kai shekara 15 shi ke zaɓar wurin zamanshi. In iyaye ba su daidaita kan ziyara ba, kotu ce ke yanka lokaci da wuri a cikin hukuncin, don toshe ƙofar dabara. Ba su fita Musulunci ba don sun yi haka.

Mu kuwa tun zamanin Janar Seyni Kountché ake maganar dokar iyali. An kawo daftari wajen 1993, ya watse. An sake gwadawa a 2011, ya sake watsewa, bayan ƙungiyoyin addini sun tashi a kai. Ban zo tada wannan faɗan yau ba, kowa na da dalilinshi, kuma masu rubuta daftarorin nan su ma sun yi kuskuren rubuta su a ofis nesa da mutane. Amma ina da magana da malamanmu, cikin ladabi. Kun ce ba ku yarda da dokar da ta saɓa ma shari'a ba, mun ji. To ga al'ada nan tana saɓa ma Risala kullum rana ta Allah, a unguwanninku, cikin masu bin ku salla. Ina hayaniyar? Hudubar Juma'a nawa aka yi a kan raino? Malam, Allah ya gafarta, in kuka yi shiru a nan, mutane za su ɗauka shari'ar da ke ba namiji ce kawai ake karewa, wadda ke karɓa daga hannunshi kuwa a bar ta cikin littafi.

Abin da nake nema bai jiran sabuwar doka. Juji yana da ikon yin shi gobe da safe. In an kawo ƙara cewa an riƙe yaro bayan ziyara, a fara maida shi inda yake zaune kafin a shiga dogon zance, don kada jinkiri ya zama riba ga wanda ya ƙwace. A saurari yaron da ya yi wayo, shi kaɗai a ofis, ba gaban iyayen da ke harare-harare ba, kuma ba don a ɗora mishi nauyin zaɓe ba, don dai a ji. A rubuta ranaku, Juma'a bayan la'asar zuwa Lahadi kafin magariba, sati bi sati, rabin babban hutu, Sallah ɗaya nan ɗaya can, da sunan mai biyan mota. A yanka kuɗin ciyarwa cikin takarda guda, kuma kada a ɗaura shi da ziyara, wanda bai biya ba a bi shi bashi, amma kada a biya bashin da hana yaro ganin ubanshi. Tunda kuma an ce a 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa, a ba mutane hukuncinsu da harshen da za su karanta ko a karanta musu, kada ya tsaya ga abin da tafinta ya ga damar taƙaitawa.

Ku kuma abokaina, da yawanku ba ku yi aure ba, wasu kun yi, wasu har kun saki. Ranar da ɗan uwanku ya zo fada yana cika baki zai je ya ɗauko ɗanshi don ya kai bakwai, kada ku ce mishi namiji. Ku tambaye shi wa zai yi ma yaron wanka, wa zai tashi da shi cikin dare, kuma wace rana uwarshi za ta gan shi. In ya ce duk lokacin da ta so, ku ce ya faɗi ranar.

Ƙanwata ta ɗaukaka ƙara. An ba mu wata rana, za mu koma kan bencin. Satin da ya wuce ta je ƙofar lakwal lokacin tashi, ta tsaya can nesa gindin bedi don kada a ce ta zo sata. Yarinyar ta hango ta, ta ɗaga hannu, sai ta waiga ta dubi yayanta na gidan da ke riƙe da jakarta, ta sauke hannun.